Yadda ake fitar da tayar babur daga rim da hannu

Fara da sace iskar gaba ɗaya. Kwance cikin bawul, ka cire notin da ke riƙe shi, don ragowar iska kan hana taya sauka. A Sakkwato rana ta sauƙaƙa aikin: bar tayar minti 15 a rana, robar za ta yi laushi.

Shimfiɗa kwali, ka kwantar da ƙafar, ka tattaka gefen tayar har bakinta ya saki rim ta kowane ɓangare. Shafa ruwan sabulu, ba baƙin mai ba, shi yana cin roba.

Nan ne 'yan koyo ke shan wuya. Tsakiyar rim akwai kwarmi. Danna bakin tayar da ke can ɗaya ɓangaren, nesa da bawul, cikin kwarmin da gwiwa, sannan ka sa liba, ƙarfen da ake ɗaga bakin taya da shi, kusa da bawul. Wayar bakin taya ba ta miƙewa, in ba ka yi haka ba sai dai ta tsinke ko rim ya lanƙwashe.

Liba ta biyu ta shiga kamar santimita 10 daga ta farko, kaɗan-kaɗan. Kada ka zurfafa ta, za ta tsunkule tiyub, faci ɗaya ya zama biyu. Zare tiyub, sannan ka fitar da ɗaya bakin.