Darasi na Bakwai: Gyaran Allon Akwatin Gem

Akwatin gem shi ne dogon akwatin nan na katako da ake jefa wa kuɗi a yi wasa a tsaye. Ya yi tashe a Amurka da Japan, musamman bayan fitowar Space Invaders a 1978 da Pac-Man a 1980. Allonsa kwalba ce irin ta tsohuwar talabijin. Kamfanoni irin su Wells-Gardner da Hantarex suka ƙera da yawa daga cikin waɗannan alluna.

Mu fara da abin da ke iya kashe mutum. Kwalbar tana aiki da wuta wajen folt 20,000, wata ma fiye, kuma tana riƙe ta ko an zare soket. A bayan kwalbar akwai faifan roba, da waya mai kauri a jikinsa. Nan wutar take kwana. Zare soket tukuna. Ɗauki sukudireba mai mariƙin roba, ka ɗaura waya a ƙarfenta, ɗaya bakin wayar kuma ka maƙala a ƙarfen da ke riƙe da allon. Sa hannu ɗaya a aljihu, cire zobe da agogo. Zura sukudirebar a hankali ƙarƙashin robar har ta taɓa ƙarfen ciki. Sau da yawa za ka ji "tas!" Jira kaɗan, ka sake, domin wutar kan taru kuma. Wanda bai taɓa yi ba, ya yi a gaban maigidansa. Wannan ba wurin nuna jarumta ba ne.

To, ina ciwon yake? Allon da kansa yake faɗa, in ka tsaya ka duba.

In sauti na tashi amma babu hoto, galibi gem ɗin lafiya lau, allon ne. Leƙa wuyan kwalbar daga nesa, ba tare da taɓawa ba. In ka ga ɗan jan haske a ciki, wuta na isa. In babu, kashe, sauke wutar, ka auna fis da mita. Fis ɗin da ya sake ƙonewa bayan an canza shi yana nuna wani abu ya mutu a gaba, galibi babbar tiransistar da ke ja hoto hagu da dama, ko taransifomar da ke haifar da babbar wutar. Kada ka ɗaure fis da waya. Masu yin haka ƙaramin gyara suke mayarwa babba.

In hoto ya tattare ya zama layi ɗaya a kwance, kashe nan take, don layin yana ƙona fuskar kwalba, kuma tabon ba ya fita. Yawanci dalma ce ta tsage. Juya farantin da aka liƙe kayan wutar allon a kansa, ka duba gindin kowace ƙafa da kyau, ka sake liƙe wadda dalmarta ta tsage kamar zobe.

Hoto mai rawa, ko mai dishi-dishi, ko wanda ya naɗe daga sama, galibi aikin kafasitoci ne, wato ƙananan gwangwanayen nan masu ajiye wuta da ke kan farantin. Ruwan cikinsu yana bushewa da zafi da shekaru. Akwatin da ya haura shekara talatin, gara a canza su gaba ɗaya da a tsaya zaɓe. Lura da ƙafa mai alamar ragi, domin in ka juya ta, fashewa za ta yi.

Launi ɗaya ya ɓace? Duba wayoyin ja da kore da shuɗi. Hoto na gangarawa? Murɗa maɓallin tsayar da shi kawai.

Akwatin Japan folt 100 yake sha, na Amurka 120, tamu kuwa 230 ce, saboda haka sai da taransifomar rage wuta. Akwai kuma wata taransifoma a ƙasan akwatin mai raba allon da wutar gari. Kada ka tsallake ta.

Aiki: rubuta a littafinka matakan sauke wutar kwalba bi da bi, sannan ka karanta wa na kusa da kai ya duba ko ka tsallake wani.