Yadda Ake Daidaita Yoga da Lokacin Kaka Domin Samun Natsuwa

Duk wanda ya nemi darasin yoga, wato salon miƙa jiki da gyaran numfashi, a YouTube cikin Satumba ko Oktoba zai ji malaman Amurka da Ingila suna ta maganar ganye na zuba, rana na faɗuwa da wuri, zuciya na yin nauyi. Gaskiya suke faɗa, amma ta ƙasarsu ce. Mu a Kumasi rana na fitowa wajen ƙarfe 6 ta faɗi wajen ƙarfe 6 kusan duk shekara. Kakarmu ƙaramar damina ce daga Satumba zuwa Nuwamba, ruwa na zuwa ba sallama, jiki na naso, kafin iskar hunturu ta sauko daga Sahara da ƙurarta wajen Disamba. A tsakanin nan ga kuɗin makaranta, ga hada-hadar ƙarshen shekara a kasuwar Kejetia, ga bukukuwa da gudummawarsu. Abin da ke birkita mutumin Aboabo ko Asawase ke nan: barci ya ragu, fushi ya zo kusa, tunani ya ƙi zama wuri ɗaya.

A Indiya, inda yoga ta samo asali, masu maganin gargajiyar da ake kira Ayurbeda suna ɗaukar kaka lokacin iska da bushewa, kuma shawararsu ita ce a rage gudu, a riƙe lokaci ɗaya kullum, a ɗumama jiki. Ba sai ka karɓi dukan bayaninsu ba. Ni dai na ga shawarar ta yi daidai da halin da muke ciki, kuma a kanta na gina abin da ke tafe.

Na san tambayar da ke bakin mutane da yawa a zango, wato ko wannan abu ya halatta. Yoga tana da tushe a addinin Hindu, babu amfanin ɓoye hakan. A 2009 majalisar malaman Indunusiya ta hana nau'in da ke ɗauke da rera kalmomin bautarsu, ta bar wanda yake motsa jiki ne zalla. A nan babu rera komai, babu jerin motsin da ake kira gaisuwar rana, miƙa jiki ne da gyaran numfashi. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tambayi malaminsa kafin ya fara.

Mataki na farko shi ne tsayar da lokaci da wuri. Bayan Asuba, kafin a tafi sayen koko da ƙosai, shi ya fi, domin ciki ba komai kuma gidan haya bai farka ba tukuna. Wanda ba zai samu ba ya yi bayan La'asar, amma a bar aƙalla awa 2 bayan cin waakye ko tuwo. Minti 20 sun isa. Riƙe lokacin kullum ya fi tsawonsa muhimmanci, don jiki na saurin sabo da abin da ya san zai zo. Wuri kuwa, tsawon tabarma ɗaya kake bukata. Ka shimfiɗa bargo a ƙarƙashinta saboda sanyin siminti, ka ware ta daban da sallaya.

Mataki na biyu numfashi ne, kuma da za a ce in zaɓi abu ɗaya tak in bar sauran, shi zan zaɓa. Ka zauna ka harɗe ƙafa, ko a kan kujera idan gwiwa na damunka, baya a miƙe ba tare da ƙanƙamewa ba. Ɗora hannu ɗaya a ciki. Shaƙi iska ta hanci kana ƙirga 4 a zuci, ka ji cikin ya tura hannun. Saki ta hanci kana ƙirga 6. Idan kowace ƙirga daƙiƙa ɗaya ce, wannan zai kai ka wajen numfashi 6 a minti ɗaya, alhali mutum a zaune yakan yi 12 zuwa 20. Dalilin tsawaita fitarwar shi ne bugun zuciya na ɗan ƙaruwa idan ana shaƙa, yana raguwa idan ana saki, saboda wata jijiya da ta taso daga ƙasan ƙwaƙwalwa ta bi ta wuya zuwa zuciya da ciki, wadda aikinta ya haɗa da sassauta jiki. Idan ka ba fitarwa lokaci mai tsawo, wannan jijiyar kake ba dama.

A kwanakin farko za ka ga kafaɗu ne ke ɗagawa, ciki bai motsa ba. Kada ka tilasta. Kwanta rigingine ka ɗora littafi a kan cibiya, ka riƙa kallon hawansa da saukarsa har jiki ya gane. Idan 4 da 6 sun yi yawa, koma 3 da 4. Jiri alama ce ta ka matsa, sai ka tsaya ka yi numfashinka na kullum. Bayan minti 3, idan hanci a buɗe yake, ƙara wannan: toshe hancin dama da babban yatsa ka shaƙa ta hagu, toshe hagu ka saki ta dama, shaƙa ta dama, saki ta hagu. Zagaye 5 ya wadatar. Akwai wani numfashi mai sauri da ake bugawa da ciki wanda za ka gani a bidiyo da yawa. A wannan lokaci ka bar shi, yana tayar da jiki ne, mu kuwa kwantarwa muke nema. Mai hawan jini da mai juna biyu kuma kada su riƙe numfashi ko kaɗan.

Mataki na uku, ɗumama baya. Durƙusa a kan hannu da gwiwa, ka naɗe zani a ƙarƙashin gwiwoyin. Da shaƙa ka sauke ciki ka ɗaga ƙirji, da saki ka tura baya sama ka sunkuyar da kai, kamar yadda kyanwa ke miƙa idan ta tashi barci. Sau 8 a hankali, numfashi na gaba, motsi na biye.

Mataki na huɗu a tsaye ake yinsa. Tsaya ƙafafu daidai faɗin ƙugu, ka ji nauyinka ya sauka a diddige da tushen yatsu, ka yi numfashi 5 kafin ka motsa. Sai ka ɗora tafin ƙafar dama a jikin idon sawun hagu ko a sha-raɓa, amma ban da kan gwiwa, ka kafa ido a wani tabo a bango. Numfashi 5, ka sauya ƙafa. Wannan tsayuwa tana gaya maka halin da ka tashi da shi. Ranar da ka kwana da lissafin bashi za ka ga ƙafa na rawa, yatsu na damƙar tabarma. Ba gazawa ba ce. Dafa bango da hannu ɗaya ka ci gaba, ka san cewa yau sai ka yi hattara da harshenka a shago da kuma a gida.

Mataki na biyar, a koma ƙasa, kuma a kaka nan ya kamata rabin lokacinka ya tafi. Durƙusa ka zauna a kan diddige, buɗe gwiwoyi, ka kwantar da ƙirji da goshi a kan matashi, hannuwa a sake. Minti 2, kana jin bayanka na faɗaɗa da kowace shaƙa. Daga nan matsa jikin bango, kwanta rigingine, ka miƙe ƙafafu sama a jingine da shi. Hajiyar da ta wuni tsaye a kasuwa, da telan da ya wuni a kan keke, da mai tuƙa pragya, wato keke mai ƙafa uku, za su ji daɗin wannan tun daren farko, domin jinin da ya taru a sawu yana samun hanyar komawa. Minti 5. Idan bayan cinya na ja, ja baya kaɗan daga bangon ko ka ɗora ƙafafun a kan kujera. Wanda likita ya ce masa matsin ruwan idonsa ya hau, da wanda hawan jininsa bai daidaita ba, su tsallake wannan. Mai tsohon ciki ta kwanta ta gefen hagu da matashi tsakanin gwiwoyi.

A ƙarshe miƙe a kwance, lulluɓe da zani, ka yi shiru minti 4 ko 5. Mutane sun fi tsallake wannan da cewa ai ba komai ake yi ba, su miƙe su ɗauki waya. Ka bar wayar a wani ɗaki tun farko.

Tsarin ba ya canzawa daga Satumba zuwa Disamba, amma kulawar tana canzawa. Lokacin ruwa ka sa kaya marasa nauyi, ka riƙa shanya tabarma don kada ta yi fumfuna, wadda ke tayar da mura da asma. Da hunturu ya shigo, rufe taga, ka goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara, don tsintsiya tayar da ƙura take yi daidai inda za ka sa hanci. Sha ruwan ɗumi kofi ɗaya kafin ka fara, ka ƙara sau 4 a kan ɗumama baya domin gaɓoɓi na yin tauri da sanyin safiya. Man kaɗanya na da kyau ga fata, amma kada ka shafa a tafin hannu da na ƙafa sai ka gama, in ba haka ba santsi zai kwashe ka. Mai asma ya ajiye abin shaƙarsa a gefen tabarma.

Akwai ranakun da minti 20 ba za su samu ba, yaro ba lafiya ko kaya sun iso da asuba. A irin ranar ka yi numfashin 4 da 6 na minti 3 a cikin motar haya ta trotro ko a bayan kanta, ka lissafa ta cikin ranakun da ka yi.

Yoga na rage gajiya da ƙuncin yau da kullum, amma ba ta maye gurbin likita. Idan baƙin ciki ya wuce mako 2 bai ɗaga ba, barci da cin abinci sun lalace, abin da kake so ya daina yi maka daɗi, ko tunanin cutar da kanka ya fara zuwa, wannan rashin lafiya ce da ake magancewa, ba raunin imani ba. Tun 2012 Ghana ke da dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma asibitin koyarwa na Komfo Anokye yana da sashen da ke duba wannan. Ka gaya wa wani ɗan'uwa da ka amince da shi ya raka ka, ku fara daga asibitin da ya fi kusa da unguwarku.