Kafin ku haɗa Linux da manhajarku, ku duba lasisi

Assalamu alaikum 'yan uwa masu haɗa na'urori a nan Abuja. Jiya wani ƙanena a Wuse ya nuna min na'urar rarraba intanet da zai fara sayarwa. Ya gyara zuciyar Linux, wato babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar, ya zuba nasa rubutun manhajar a ciki, kuma niyyarsa ya ɓoye. Gabana ya faɗi.

Linux na ƙarƙashin lasisin GPL na 2 ne, wato sharuɗɗan amfani da manhajar da raba ta. In amfanin kanka kake yi, ba wanda zai tambaye ka. Amma da zarar ka sayar ko ka raba, dole ka ba mai karɓa asalin rubutun, har da gyaranka. An kai kamfanoni kotu a Amurka tun 2007 kan BusyBox, wata manhaja mai lasisin GPL, saboda wannan. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ma ta kare manhaja.

Lasisin BSD da na MIT masu sauƙi ne, sai dai kar a goge sanarwar masu manhajar. Inda ake faɗawa rami shi ne gauraya manhajoji masu lasisi daban-daban: lasisin Apache 2.0 bai jitu da GPL na 2 ba, haka lasisin CDDL na ZFS, wata manhajar tsara ajiyar fayiloli.

Don Allah duk abin da kuka ɗauko, ku rubuta sunansa da lasisinsa a takarda ɗaya, lauya ya gani kafin kaya su shiga kasuwa.