Mai zuwa Medora, kada ya wuce ɗakin Roosevelt

'Yan'uwa mazauna Amurka, duk wanda hanya ta kai shi Dakota ta Arewa, ya daure ya tsaya a garin Medora. Bayan ofishin karɓar baƙi na gandun dajin ƙasa na Theodore Roosevelt akwai ɗakin gungume da ake kira Maltese Cross, inda Theodore Roosevelt ya zauna yana kiwon shanu tun 1884, shekaru kafin ya zama shugaban ƙasa. Ɗaki ne ƙarami, amma ku tsaya ku dubi akwatin tafiyarsa da kyau, ni shi ya fi taɓa ni.

Ku gyara agogo, Medora tana bayan Bismarck, babban birnin jihar, da awa ɗaya. In kun haɗu da ɓauna a hanya, ku ba ta aƙalla yadi 25, musamman in kuna tare da yara.