Yadda Za Ka Gane Ko Lens Ɗinka Na Gyara Ne Ko Na Sauyawa

Duk mai ɗaukar hoton biki a Agege ko Idi-Araba ya san tashin hankalin lens ya ƙi kama hoto ana tsakiyar kamu. Kafin ka hau danfo zuwa Ikeja, fara da abin da ba sai ka kashe ko kwabo ba.

Cire lens ɗin, ka goge ƙananan ƙarafan nan masu ruwan zinare da ke gindinsa da busasshen ƙyalle mai laushi. Idan kyamarar Canon ce ta nuna Err 01, lens da kyamara ne ba sa jin juna, kuma sau da yawa gugar nan kaɗai ke raba gardama. Sannan ka ɗora shi a kyamarar abokin sana'a. In ya yi aiki a can, laifin na kyamararka ne.

Sai ka cire murfinsa na baki da na gindi, ka haska fitilar waya ta ciki. A nan Legas take cin mutane. Ƙura 'yar kaɗan ba komai ba ce, kusan kowane lens na da ita. Amma in ka ga farin zare kamar saƙar gizo-gizo, funfuna ce, laimar damina ta haifar da ita. Sabuwa tana wankuwa a hannun gwani. Wadda ta daɗe kuwa ta riga ta ci rufin gilashin, ko an wanke tabon yana nan. Ƙarzuwa a gilashin gaba ba ta cika fitowa a hoto ba, ta gilashin baya ce abin tsoro.

Idan faɗuwa ya yi, manna jarida a bango ka ɗauki hotonta kai tsaye. Kusurwa ɗaya ta yi dishi-dishi sauran sun fito tas? Gilashin ciki ya goce.

Yanzu lissafi. Tambayi kuɗin gyara wurin mutum biyu, ka kuma tambayi kuɗin tokumbo (wato na hannu) irinsa a Computer Village, kasuwar wayoyi da kwamfutoci da ke Ikeja. A ganina, gyaran da ya haura rabin kuɗin tokumbo bai cancanta ba. Ƙananan lens ɗin nan da ke zuwa da kyamara, irin 18-55mm, yawanci siririyar wayar cikinsu ce ke tsinkewa, in kuɗin ya yi yawa ka haƙura ka sauya. Amma babban lens irin 70-200mm f/2.8 jari ne, irinsa ake kai wa mai gyara.

In ka zaɓi gyara, tambayi mai gyaran ko sabon kaya zai sa ko na cirewa, da tsawon lokacin da zai lamunce maka aikin. Ranar karɓa ka je da kyamararka, ka gwada kusa da nesa a gabansa kafin ka cika kuɗi. Da ka dawo gida kuma, kada ka bar shi cikin jaka. Sa shi a roba mai murfi da ƙullin silika mai tsotse laima.