Yadda za a tabbatar da lafiyar tunkuza da sauran ragowar amfanin gona kafin a ci

Tunkuzar da take saura bayan an matse man gyaɗa tana ɗauke da furotin da ya kai kusan rabin nauyinta idan ta bushe, shi ya sa ƙulikuli yake riƙe gidajen da nama ya yi wa tsada, ko a kwaɗo ko a yajin tsire. Sai dai matsar mai ba furotin kaɗai take tarawa a cikin tunkuza ba, domin gubar da take jikin gyaɗar, mafi yawanta nan take zama, kaɗan ce take bin mai.

Gubar da ta fi haɗari ita ce afalatoksin, wadda wata irin fumfuna mai suna Aspergillus flavus take haifarwa a jikin gyaɗa da masara. An gano ta ne bayan talotalo kimanin dubu 100 sun mutu a Ingila a 1960 saboda cin tunkuzar gyaɗar da aka shigo da ita daga Barazil, kuma a 2004 ta kashe mutum 125 a Kenya ta hanyar gurɓatacciyar masara. Tana lalata hanta, kuma cinta kaɗan-kaɗan na tsawon shekaru yana jawo ciwon dajin hanta. Abin da ya kamata mai sana'ar ƙuli ya riƙe shi ne, suya ba ta kawar da ita, ko da an soya ƙulin har ya yi ja.

Saboda haka aikin yana farawa ne tun kafin a kai gyaɗa inji. A cire gyaɗa da zarar ta nuna, a shanya ta a kan tabarma ko tamfol, ba a kan ƙasa ba, har sai ƙwayar tana kaɗawa a cikin ɓawonta, tana kuma karyewa ƙas idan an ciza. Bayan an ɓare, a baza ta a faifai a wuri mai haske, a tsince duk wadda ta motse, da wadda ƙwaro ya huda, da wadda ta yi baƙi ko kore-kore, da wadda aka ɓara aka ga gari-gari a tsakiyarta. Gubar takan taru ne a cikin 'yan ƙwayoyi kaɗan, don haka tsintar tana rage ta ƙwarai. Wadda aka tsince a binne ta ko a ƙone. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ware mai kyau a kai kasuwa, a niƙa tsintacciyar a yi ƙulin gida saboda arha, ko a zuba wa saniya, alhali gubar tana fita a cikin nono. Gyaɗar kala, wadda ta daɗe a ƙasa bayan girbi, ita ma tana bukatar tsinta mai tsanani. Manomin da yake iya samun Aflasafe, maganin rage afalatoksin da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar, ya watsa shi a gona makonni biyu zuwa uku kafin gyaɗa ta yi fure.

Dusar waken suya da take saura bayan an tace awara matsalarta daban ce. Ruwa ne mafi yawan nauyinta, don haka cikin zafinmu takan yi tsami a yini guda. A yi amfani da ita ranar da aka tace, a dafa ta sosai domin ɗanyen waken suya yana hana jiki narkar da furotin, ko kuma a soya ta a busasshen kasko har ta bushe kafin a haɗa ta da garin kunu.

Akwai ragowar da ba ta mutum ba ce sam. Angurya da tunkuzarta suna ɗauke da gubar gosifol, wadda shanu suke iya jurewa fiye da mutum da kaji. Tunkuzar masana'anta da aka tanada don abincin dabbobi ba a tantance ta da ma'aunin abincin mutane ba, haka kuma ragowar irin shuka da aka yi wa magani, wanda akan gane shi da jan launi ko kore, wanki ba ya sa ya ciyu.

Ƙulin da aka gama a bar shi ya huce sarai kafin a rufe, a ajiye shi a busasshen mazubi nesa da ƙasa da bango, musamman da damina. Wanda ya yi laushi, ko ya canza wari, ko yake ɗaci a harshe, a zubar da shi.