Abin yi idan burauza ta daina sabuntawa a tsohuwar kwamfutarka

Saƙon yakan fito ne a wani siririn layi a saman Chrome, cewa wannan kwamfuta ba za ta ƙara samun sabuntawa ba. Yawancin mutane rufe shi suke yi su ci gaba da harkarsu, tunda shafuka suna buɗewa, imel yana shiga. Ni abin da ke ba ni tsoro ke nan. Da a ce burauzar mutuwa take yi farat ɗaya, da kowa ya nemi mafita. To ba ta mutuwa. Aiki take ci gaba da yi, alhali duk ɓarakar tsaron da aka gano daga ranar babu mai toshe maka ita. Kuma duk lokacin da Google ya fitar da gyara a sabuwar siga, 'yan kutse sukan bi diddigin gyaran su gane inda ramin yake, sannan su nufi waɗanda aka bari a baya.

Fara da sanin matsayinka. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta winver, za ka ga sigar da kake kai. A Chrome rubuta chrome://version a wurin adireshi, a Firefox kuma about:support. Idan Chrome ko Edge ɗinka 109 ne a kan Windows 7, 8 ko 8.1, to an rufe ƙofa, domin Chrome 110 da ya fito a Fabrairun 2023 ba ya hawa kansu. Firefox a 115 ya tsaya musu. Masu Mac ma ba su tsira ba: Chrome 116 ne na ƙarshe a macOS 10.13 da 10.14, 128 a macOS Catalina, 138 a macOS Big Sur. Wannan 138 ɗin shi ne kuma na ƙarshe a wayoyin Android 8 da 9.

Kafin ka taɓa komai, kwashe kayanka. Shiga ma'adanar kalmomin sirri ta burauzar ka fitar da su, za ta ba ka fayil na CSV. Ka kula da shi sosai, domin duk kalmominka a fili suke a ciki, duk wanda ya buɗe ya karanta. Da zarar ka shigar da su sabon wuri ka goge fayil ɗin, ka bi shi kwandon shara ka sake gogewa. Shafukan da ka adana ka fitar da su a fayil na HTML. Hotuna da takardu kuma ka kwafe su a wani faifan na waje.

Daga nan sai neman wurin fakewa na ɗan lokaci. A Windows 7 da 8.1, Firefox ESR 115, wato sigar Firefox da ake daɗewa ana yi wa gyara, ya fi Chrome 109 nesa ba kusa ba, saboda Mozilla, mai yin Firefox, ta ci gaba da yi masa gyaran tsaro bayan Google ya janye, har ta ƙara wa'adin fiye da sau ɗaya. Ka sauke shi daga mozilla.org kaɗai, ka kuma duba ranar da suka sa za su daina. Ka tabbata bai gaza 115.13 ba. Wata takardar shaidar tsaro da ke cikin tsofaffin sigogi ta ƙare aiki ranar 14 ga Maris 2025, abin da ya sa ƙananan manhajojin da ake ɗora wa burauzar suke daina aiki.

Akwai masu komawa Supermium, wata burauza da aka gina a kan Chromium, tushen da aka gina Chrome a kai, don tsofaffin Windows. Aikin yana da ban sha'awa, amma ni ba na shiga asusun banki da ita. Windows 7 ɗin da ke ƙarƙashinta Microsoft ya sallame shi tun 14 ga Janairun 2020, don haka tamkar sa sabon kwaɗo ne a ƙofar ɗakin da bangonsa ya zube. Shafukan da ke tallar “sabon Chrome na Windows 7” kuwa, ko kallonsu kada ka yi.

Maganin gaske shi ne sauya babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, wato Windows ɗin kansa. Windows 10 ba mafita ba ce mai nisa, tunda tallafinta ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025, ƙarin wa'adin da aka ba masu amfani da ita a gida kuma na shekara ɗaya ne. Windows 11 tana neman TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro da ke cikin kwamfuta, da RAM na gigabait 4 da furosesa na zamani. Danna Windows tare da R ka rubuta tpm.msc ka ga ko kana da shi, ko da yake kwamfutar da aka sayar da Windows 7 da wuya ta tsallake.

Shi ya sa nake tura mutane Linux Mint, wata babbar manhaja da ake sawa a madadin Windows, musamman nau'insa marar nauyi mai suna Xfce. Tsohuwar laftof ɗina mai RAM gigabait 4 shi take ɗauke da shi, da Firefox na yau a kai, kuma tun da na cire tsohon faifanta na sa SSD, wato faifan zamani mai sauri, ta daina jan ƙafa. Ka fara tabbatar furosesar kwamfutarka ta bit 64 ce, wato x64, domin Mint ya daina fitar da na bit 32. Sauke fayil ɗin girka Mint, wato ISO, ka ɗora shi a filas da wata manhaja mai suna Rufus, ka kunna kwamfutar daga filas ɗin. Daɗin abin shi ne za ka iya gwada shi ba tare da ka girka ba. Gwada Wi-Fi da sauti da kyamara da firinta, domin a nan ake yawan samun cikas. Sai komai ya yi sannan ka girka. Wanda duk aikinsa a burauza yake, ChromeOS Flex, babbar manhajar Google da ake sawa a tsofaffin kwamfutoci, ma zai ishe shi.

Idan kuwa akwai wata tsohuwar manhaja da ba ta aiki sai a Windows 7, kamar ta sikana ko ta lissafin kuɗi, bar mata kwamfutar, amma ka cire ta daga intanet. Fayil ya riƙa shiga da fita ta filas, harkar banki da imel kuma ka mayar da su kan na'urar da har yanzu ake sabuntawa.